Habu Garmaho da Faifan Surukarsa

Duk wanda ya san Yaya Habu ya san yatsan nan nasa. Kuna tsakiyar magana, ko gaisuwa ce ma, sai kawai ya ɗaga manuniya sama, ya karkata kai, ya ce, "Tsaya. Kun ji?" Ba wanda ya taɓa ji. Shi kaɗai ke jin wani ɗan gunji a lasifikar mai shayi, ko wata 'yar ƙara a rediyon maƙwabci, kuma maganar nan ba za ta ci gaba ba sai ya je ya gano inda abin yake.

Ranar ɗaurin auren 'yarsa ta fari ma bai fasa ba. Da yawanku kuna wurin. Liman ya kama addu'a, jama'a sun ɗaga hannu, sai ga uban amarya ya miƙe da babbar riga ya zagaya bayan rumfa. Ya zaro wata guntuwar waya daga aljihu, ya ɗaura baki ɗaya a jikin na'urar lasifika, ya naɗe ɗaya bakin a ƙusa ya kafa ta a ƙasa, ya tuttula mata ruwan buta. Da ya dawo har an shafa.

"An ɗaura?" in ji shi.

Muka ce an ɗaura.

"To madalla. Aƙalla ƙarshensa bai shiga cikin gunji ba."

Ni ƙanin matarsa ne, Yaya Fati. Mu mutanen Bida ne da aka haifa a Minna, shi kuwa Bakatsine, don haka wasa biyu ne a tsakaninmu, na ƙanin mata da na Banufe da Bakatsine. Shekara talatin bai kira ni da sunana ba, sai dai "Banufe". Ni ma ban bar shi ya huta ba.

Asalinsa mai gyaran rediyo ne a unguwar Kpakungu. Da rediyo ta zama abin da in ta lalace ake jefarwa, sai ya koma wata sana'a da ba a san ta ba a unguwar: juye waƙoƙin tsofaffin faya-fayan garmaho zuwa sidi. Mutane suka yi ta zaro faya-fayan iyayensu daga ƙarƙashin gado suna kawo masa. Ya wanke faifai, ya ɗora a garmahonsa da ya haɗa da wata tsohuwar kwamfuta, ya ɗauki waƙar, ya tsince ƙarar da ke cikinta, sannan ya zuba a sidi. Daga nan sunan Habu Garmaho ya bi shi. Aikin da wani zai gama kafin azahar, shi sai ya kai mako biyu a kansa.

Wankin faifai kaɗai ibada ce. Ba ya yarda da ruwan famfo, wai yana da laka. Ruwan sama yake tara, shi ma ba na farkon damina ba, a wani duro da ya sa wa kwaɗo. Ya wanke da burushi mai laushi, ya jera su a kwandon da Yaya Fati ke kife kwanukanta. Wata rana famfo ya ƙafe, ta nemi ya ba ta ko roba ɗaya ta ɗora tuwo. Ya hana.

"Malam, abin da za ka ci ne fa!"

"Tuwo ba ya jin laka," in ji shi. "Allurar garmaho tana ji."

Ranar a gidana ya ci abincin rana, yana ci yana kushe miyar.

Sai kuma tsince ƙara. Tsohon faifai ba ya rasa wannan tas-tas ɗin, kamar ana toya gyaɗa a nesa. Habu ɗaya bayan ɗaya yake cire su. Ya buɗe hoton sautin a kwamfuta, ya ƙara masa girma, ya nemo tsinin ƙarar, ya goge, ya matsa gaba. Wani Alhaji mai cinikin doya daga Kuta ya kawo faifan wasu mata masu waƙa da tafi, ya ce a yau yake so, don motarsa na jira. Wai an gaya masa akwai maɓalli guda a kwamfuta, in an danna shi ƙarar duk ta tafi.

"Akwai," in ji Habu.

"To danna mana!"

"Kai ka ce?"

"Ni na ce."

Ya danna. Aka kunna. Ƙara ta tafi ƙwarai, sai dai matan nan suna ta waƙa ba ko tafi ɗaya, sai ka ce an ɗaure musu hannu ta baya. Alhaji ya leƙa bayan lasifika.

"Malam Habu, ina tafin?"

"Ka ce a share duk abin da ya ce tas. Tafi me yake cewa?"

Alhaji ya sallami motarsa. Bayan mako biyu ya dawo ya karɓi sidinsa, har da doya goma a hannu.

Abin da ya fi ba mutane haushi da shi shi ne bai taɓa yin kuskure ba, a faɗarsa. In ka dawo da sidi ka ce yana tsalle, na'urarka ce. In ka ce murya ta yi ƙasa, lasifikarka ce. In ka matsa, sai ya kawo maka karin maganarsa da ya ƙirƙira da kansa: "Aikina daidai yake, kunnenka za ka kai asibiti." Ya faɗa wa ɗan sanda, ya faɗa wa limamin unguwa, ya faɗa mini ya fi sau ɗari. Abin takaicin, sau tara cikin goma shi ke da gaskiya.

Mutum ɗaya ce a duk Minna ba zai iya gaya wa haka ba: mahaifiyarmu, wadda muke kira Nna irin na mutanen Bida. Habu yana jin kunyar surukarsa irin ta mutanen da. Bai taɓa zama ɗaki ɗaya da ita ba. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake tsugunnawa, kansa a ƙasa, ya gaishe ta ta bayan labule. In ya hango ta a hanya, lungu yake faɗawa. Ita ma ba ta kiran sunansa, sai dai "mai gidan Fati".

To a shekarar da nake ba ku labari, kunnen Nna ya fara tafiya. Likita ya ce tsufa ne, ba magani, kuma ba zai tsaya ba. Da muka dawo gida sai ta sa aka sauko da wata tsohuwar adaka, ta zaro ɗan ƙaramin faifai naɗe a cikin zane. Waƙar wasu matan Bida ce, mahaifinmu ya saya mata shekarar da ya kawo ta Minna tana amarya. Garmahonsa ya mutu tun kafin shi, don haka ta fi shekara talatin ba ta ji ta ba.

"Ka kai wa mai gidan Fati," ta ce. "Ina so in ji shi kafin kunnen ya rufe."

Haka na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ba sa haɗa ido. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin.

Sidi na farko da na kai, na'urar da ke ɗakin Nna ta juya, ta juya, ta rubuta cewa babu faifai a cikinta. Na koma shago da murmushina.

"Na'urarku ce, Banufe."

"Jiya ta yi wa'azi awa biyu."

Ya karɓa ya duba a kwamfuta. Ashe ba a rufe sidin ba. In an gama zuba waƙa akwai wani ƙarashen aiki da kwamfuta ke yi, in ba a yi shi ba na'urar gida ba ta ganin komai. Na ce to wannan karon dai an kama ka.

"Wuta aka ɗauke ana tsakiyar rufewa," in ji shi. "Ni na ɗauke ta?"

Na biyu ya kama, amma a tsakiyar waƙa sai matan suka maƙale a baiti ɗaya, suka maimaita shi sau huɗu kafin su wuce. Akwai wani karce a jikin faifan da ke mayar da allura baya. Habu ya ce ya sani, ya aiko ne don mu ji yadda muka wulaƙanta faifan. Kwana uku yana sunkuye a kansa da gilashin ƙara girma da tsinken sakace, yana lallaɓa hanyar allura har ta buɗe.

Na uku kam, tsakani da Allah, ban taɓa jin aiki irinsa ba. Ba tas, ba gunji, ba tsalle. Muryoyi tar, tafi tar. Na kunna wa Nna, na zauna ina jiran ta yi kuka. Ta saurara har rabi, ta yamutsa fuska.

"Kashe. Ba shi ba ne."

"Nna, faifanki ne fa."

"Na ce ba shi ba ne. Waɗannan yara ne. Ina za su da wannan sauri?"

Ban hau abin hawa ba, da ƙafa na tafi shago don in daɗe ina jin daɗin saƙon. Na isar da shi kalma bayan kalma. Habu ya ɗiga alli a gefen farantin garmaho, ya cire agogonsa, ya ƙirga juyi minti ɗaya cur.

"Arba'in da biyar cif. Abin da aka rubuta a jikin faifan ke nan."

"To in ce mata me? In ce ta kai kunnenta asibiti?"

Ya buɗe baki. Wallahi na ga maganar ta zo har leɓensa. Ya haɗiye ta.

"Ka ce mata za a duba."

Aka yi na huɗu, ya ƙara wa muryoyin kauri. Ba shi ba ne. Aka yi na biyar, ya bar tas-tas ɗin a ciki, ko shi ta saba da shi. Ba shi ba ne. Aka yi na shida da sabuwar allura da ya aika aka sayo masa daga Kaduna. Nna ko baiti biyu ba ta bari ya yi ba. Wata uku aka kwashe a haka, Habu ya rame, ya daina karɓar aikin kowa. Ni kuma dariyar ta fara fita daga raina, don ni ke murɗa sautin na'urar. Lokacin sidi na farko a lamba goma take ji. Lokacin na shida sai da na kai ashirin da biyar, kuma talatin ce ƙarshe.

Wata ranar Laraba da hantsi ina zaune a shagonsa, ya cire batir biyu daga tocilarsa ya jefa a kwandon shara. Na ce, don neman magana kawai, "Bakatsine da almubazzaranci. Da Babanmu na raye da ya kore ka daga dangi. Shi in batir ya yi sanyi, jera su yake a kan kwanon ɗaki su sha rana, ya mayar. Batir shida na garmahonsa sai su kai shi daga sallah zuwa sallah."

Yatsa ya tashi.

"Tsaya. Garmahon babanku da batir yake aiki?"

"Da me zai yi? Unguwarmu akwai wuta a lokacin?"

"Kuma shanya su yake yi?"

"Har ya ɗan ciccije su da haƙori in sun ƙi."

Habu ya zauna daɓas a kan benci, ya dafe kai.

"Inna lillahi! Banufe, kun cuci matar nan. Batir mai sanyi ba ya juya faifai da ƙarfi. Tun tana amarya ba ta taɓa jin waƙar nan a gudunta ba. Jan ƙafa waƙar take yi, ita kuma ta ɗauka haka take!"

Na ce to ai an huta, a rage mata gudu. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata.

"Ni? In ɗauki 'yan mata masu murya kamar sarewa in mayar da su gardawa? Da hannuna? In sa sunana a kai?"

Kwana biyu yana kan bakansa. Ya ce a yi wa Nna bayani. Na ce bismilla, ga hanya, je ka yi mata. Ya ce ni zan yi. Na ce ni ba injiniya ba ne. A rana ta uku Yaya Fati ta kwashe faya-fayan da ke cikin kwandonta ta jibge masa a kan tabarma.

"Malam, masu waƙar nan sun mutu, ba za su kai ka ƙara ba. Uwata ce ke raye, kuma kunnenta ba zai jira ka ba."

Da la'asar ya aiko a kira ni.

Saura matsala ɗaya: a rage gudun zuwa nawa? Ba wanda ya san iyakar sanyin batiran Baba. Hanya ɗaya ce, a ji Nna ta rera waƙar yadda take a kanta. Amma wace suruka ce za ta yi waƙa a gaban mijin 'yarta? Ni kuma ya ce kunnena da na tukunya ɗaya ne, ba zai aike ni ba. Sai na gaya masa cewa kullum bayan la'asar tana zama gindin katanga tana tsintar wake, kuma in ba kowa takan yi 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa.

Washegari dattijo mai furfura, uban 'ya'ya bakwai, ya je ya tsugunna a lungun bayan gidanmu, kunnensa manne da katanga. Maƙwabciyarmu ta fito da ruwan wanke-wanke, saura kaɗan ta sheƙa masa. Ta ce, "Malam Habu, lafiya?" Ya ɗaga mata yatsa. Ya fi rabin awa a wurin. Can sai ya miƙe yana wani "mmmm" a maƙogwaro, ya riƙe sautin da ya ji kada ya kuɓuce masa. Haka ya tari ɗan acaɓa, ya nuna masa hanya da hannu. Haka ya ratsa Kpakungu, ana ta gaishe shi yana kaɗa hannu yana "mmmm". Washegari mutum uku suka zo gida duba shi, wai sun ji haƙori ya hana shi magana.

A shago ya yi ta rage gudun waƙar a kwamfuta kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da sautin da ke bakinsa, har suka haɗu. Ya ce abin ya sauka ƙasa da arba'in. Ya zuba a sidi, ya rufe shi da kyau. Shi kaɗai ne sidin da ya taɓa fita daga shagon ba tare da ya rubuta sunansa a kai ba.

Wannan karon ya biyo ni. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsugunna a wajen labule inda ya saba. Na kunna, na murɗa sauti har ƙarshe. Jama'a, abin ba daɗin ji. Matan nan suna jan murya kamar waɗanda suka ƙoshi da tuwo aka tashe su daga barci, tafin ma da ƙyar yake faɗowa. Na ji Habu ya yi wani nishi a bayan labule.

Nna ta ajiye carbinta. Ta karkato da kunnen da ya fi ji. Sai ta fara tafi a hankali, daidai da nasu, bakinta na bin baitin tun kafin su kai. Ba ta yi kuka ba, dariya ta yi.

"Shi ne," ta ce. "A nan wurin babanku yake shigowa da keke."

Ni ne na yi kukan, kuma ban ji kunya ba. Sau uku ta sa na maimaita mata. Da aka gama ta gyara zama, ta ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa.

"To wa ya lalata guda shidan farko?"

Na juya wajen labule ina washe baki. Shida ɗin nan su ne a kan ainihin gudun waƙar, ni na sani, shi ya sani, agogonsa ma ya sani. Na ce yau zan ga yadda Bakatsine zai fita. Sai murya ta fito, da ƙarfi don ta ji.

"Ni ne, Nna. Kuskurena ne. A gafarce ni."

"Ba komai," in ji ta. "Mutum yakan koya."

A hanyar komawa, da muka kai bakin titi, sai ya tsaya. Ya kama hannun rigata.

"Banufe, in maganar nan ta fita a garin Minna ina raye, sai na juye muryarka a sidi na rage mata gudu na raba a kasuwa."

Na riƙe masa. Ko Yaya Fati ba ta ji daga bakina ba sai bayan addu'ar arba'in ɗinsa. Yau da nake gaya muku, alkawarin ya ƙare, don shi ya sa sharaɗin da bakinsa.

Nna ta samu wata biyar tana jin waƙarta kullum da hantsi. Kafin damina ta zagayo kunnen ya rufe gaba ɗaya. Habu ya riga ta tafiya, bayan 'yar gajeriyar jinya, kuma da aka sanar da ita da hannu, sai ta ce yaron kirki ne, sai dai aikinsa da jinkiri.

Ina kewarsa ƙwarai, ba ni da abokin faɗa yanzu. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya yafe masa taurin kansa da namu. Yadda ya sauke girman kansa don tsohuwa ta samu wata biyar na farin ciki, Allah ya sauke masa nauyin hisabi, ya sada shi da rahamarsa. Amin.